FASHIN BAƘI: Ƙaramin mamatsin katako da alaƙarsa da karyayyun bencinan makarantun gwamnati

A bayan azuzuwan makarantun gwamnati da dama a Arewa akwai wani tari da ido ya saba da shi har ya daina ganinsa: karyayyun bencina da tebura, an jibge su ana jiran ranar gyara. Duk wanda ya tsaya ya duba tarin da kyau zai lura cewa ba kasafai falanki ke tsagewa a tsakiya ba. Ɓarnar daga mahaɗa take farawa, wato inda ƙafa ta gamu da sandar da ke riƙe da ita. Ƙusa ta yi sako-sako, benci ya fara rawa, wata rana ya zube.

Masu sana'ar katako sun daɗe da sanin maganin wannan. Abu uku ne: mahaɗar da aka yanka daidai, gam mai kyau, da kuma abin da zai matse ɓangarorin wuri guda har gam ɗin ya kama. Wannan na ukun shi ne mamatsi, wanda wasu kafintoci ke kira da sunansa na aro, kilam. Ƙaraminsa bai kai kamu guda ba, yana shiga jakar kayan aiki ba tare da ya yi nauyi ba. Sanin yadda yake aiki, da iyakar ƙarfinsa, na da amfani ga matashin da ke son koyon sana'a, haka kuma ga ɗan ƙasar da ke son sanin dalilin da ya sa ake ta maimaita kwangilar kujeru a makaranta guda.

Mene ne mamatsi?

Siffarsa ba ta da wuyar ganewa. Sanda ce ta ƙarfe mai faɗi, da baki guda a kafe a kanta, da wani bakin da ke zamewa gaba da baya. Ana sa katako a tsakanin bakunan biyu, a matso da mai zamewar, a ɗaure.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Na farko yana kama da harafin F, kuma yana da mariƙi mai zare da ake murɗawa. Da zarar an murɗa, hannun da ke zamewa yakan ɗan karkace ya ciji sandar, ta yadda duk ƙarin murɗi ƙarin cizo ne. Kamfanin Bessey na Jamus, wanda ya yi suna a wannan fanni, ya yi rajistar ƙirar irin wannan mamatsi tun 1936.

Na biyu shi ne mai kunama, wanda ake dannawa da hannu ɗaya. Kowace danna tana tura sandar gaba kaɗan, akwai kuma ɗan maɓalli na saki. Ya fito ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1980 da sunan Quick-Grip, yanzu kuma kamfanoni barkatai na yin irinsa. Fifikonsa shi ne yana bar wa mai aiki ɗaya hannun ya riƙe katako. Da yawa daga cikinsu ana iya cire bakin a juya shi, mamatsin ya koma abin buɗawa, wanda ke da amfani wajen kwance tsohuwar kujera ba tare da an sa mata guduma ba.

Ƙananan sukan buɗe inci 4, ko 6, ko 12, wato kusan santimita 10 zuwa 30. Ƙarfin matsinsu, bisa abin da kamfanoni ke rubutawa a jiki, yakan kama daga kimanin kilo 60 zuwa 150. Mai zare ya fi mai kunama ƙarfi idan girmansu ɗaya.

Me ya sa gam ke buƙatar matsi?

Farin gam ɗin da kafintoci suka saba da shi, irin su Top Bond, a cikin ruwa aka dama shi. Idan aka shafa, ruwan yakan shige cikin katako ya ƙafe, ya bar wani siririn shafi da ya kama ɓangarorin biyu. Ƙarfin wannan gam a sirantarsa yake. Idan akwai giɓi tsakanin katakan, gam ɗin zai cika wurin a ido, amma ba zai ɗauki nauyi ba. Aikin mamatsi shi ne ya kori iska da rarar gam, ya haɗa fuskokin biyu daf da juna, ya hana su motsi har a gama.

Idan aka yi haka a gefen falanki, inda zaren katako ke tafiya a miƙe, mahaɗar kan fi katakon kansa ƙarfi. A doke ta da guduma, sai katakon ya tsage a gefe, layin gam na nan daram. Kan falanki, wato inda zarto ya yanke zaren, labarinsa daban ne: yana shanye gam kamar soso, riƙonsa kuma ba shi da ƙarfi. Shi ya sa ƙwararru ba sa manna kan sanda a jikin ƙafar benci kawai. Sukan fafe rami a ƙafar, su fitar da harshe a kan sandar, su zura shi ciki da gam, sannan su matse.

Ƙusa kuwa gogayya ce kaɗai ke riƙe ta a cikin katako. A nan ne yanayin Arewa ke shigowa. Yawancin katakon da ke isa kasuwanni irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ko Dei-Dei a Abuja daga dazuzzukan da ke da laima yake fitowa, sau da yawa kuma bai gama bushewa ba ake sayar da shi. Katako na kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, kuma tsukewar ta fi yawa ta faɗinsa. Kowane zagaye na kumburi da tsukewa yana ƙara sassauta ƙusa. A haɗa wannan da yara huɗu ko biyar da ke hawa da sauka a benci guda kullum, sakamakon ba ya buƙatar duba.

Lissafin ƙarfi: abin da ƙarami zai iya da wanda ba zai iya ba

Cibiyar binciken katako ta gwamnatin Amurka da ke birnin Madison, tare da kamfanonin gam, sun yi tarayya a kan wani ma'auni: katako mara nauyi na buƙatar matsi na kusan kilo 7 a kan kowane murabba'in santimita na mahaɗa, mai tauri sosai kuma har zuwa kusan kilo 17. A cikin katakan da aka sani a kasuwannin Najeriya, obece da malaina na cikin marasa nauyi, iroko da maɗaci sun fi su tauri.

Da wannan ma'auni kowa zai iya yin lissafi. A ɗauki ɗan akwatin ajiye kayan ado, wanda kaurin katakonsa santimita 1 ne, tsawon mahaɗar kuma santimita 10. Faɗin wurin gam ya zama murabba'in santimita 10. A ninka da 7, ya ba da kilo 70. Ƙaramin mamatsi ɗaya ya wadatar.

A ɗauki kuma saman tebur, inda za a haɗa falankai biyu masu kaurin inci ɗaya, wato santimita 2.5, da tsawon ƙafa huɗu, wato kusan santimita 120. Wurin gam ya kai murabba'in santimita 300, matsin da ake nema kuma kilo 2,100, sama da tan biyu. Mamatsai masu kilo 70 sai an jera talatin. A aikace, idan gefen falankan ya miƙe sarai, kafintoci kan samu haɗi mai kyau da matsin da bai kai wannan ba, amma duk da haka aikin na manyan mamatsai ne, irin masu doguwar sanda ko na bututun ƙarfe, waɗanda ɗaya kan ba da kilo ɗaruruwa.

Saboda haka fagen ƙaramin mamatsi a fili yake: firam ɗin hoto, ƙananan akwatuna, aljihun tebur, kantar littattafai, gyaran kujerar da ta saki, manna ado a gefen kabad. Masu ɗaure littafi da masu jaka da takalmin fata na iya matse aikinsu da shi tsakanin alluna biyu. Ɗaliban zanen gine-gine na amfani da shi wajen haɗa samfurin gini. Yana kuma da wani aikin da ba na gam ba: riƙe katako a kan teburin aiki yayin yanka ko huda. Raunuka da yawa a shagon kafinta daga riƙe ƙaramin katako da hannu suke, lokacin da zarto ko injin huda ya fizge shi.

Yadda ake aiki da shi

Mataki na farko shi ne gwaji ba tare da gam ba. A haɗa komai a bushe, a matse kaɗan, a duba. Idan sai an yi kokawa kafin giɓi ya rufe, yankan ne bai yi daidai ba, kuma zarto da sanfefa za a koma wa. Mamatsi ba ya gyara mummunan yanka. Katakon da aka tanƙwara da ƙarfin tsiya yana nan yana neman komawa yadda yake, kuma wata rana zai koma.

Na biyu, a buɗe mamatsan daidai girman aikin a ajiye su kusa kafin a taɓa gam. Farin gam yana ba da 'yan mintoci ne kawai kafin ya fara kamewa, kuma a zafin Maris da Afrilu ko a bushewar hunturu lokacin ya fi haka gajarta.

Na uku, a sa ɗan guntun katako ko filawud tsakanin bakin mamatsi da aikin. Yana hana shatar baki fitowa a jikin katako mai laushi, yana kuma baza matsin. Haka nan a kiyaye kada sandar ƙarfe ta taɓa ɗanyen gam, domin a wasu katakai hakan na barin baƙin tabo mai wuyar gogewa. Guntun takarda ko leda ya isa kariya.

Na huɗu, a daidaita mamatsin ya fuskanci mahaɗar kai tsaye, a tsakiyar kaurin katakon. Idan ya karkace, ɗanyen gam na da santsi, ɓangarorin za su zame. Idan mamatsan sun fi ɗaya, a riƙa ɗaure su kaɗan-kaɗan ana zagayawa, kamar yadda bakanike ke ɗaure notunan taya. A aiki mai faɗi, a sa wasu ta sama wasu ta ƙasa, don kada allon ya gantsare.

Na biyar, a san inda za a tsaya. Alamar matsi ya isa ita ce ƙananan ɗigon gam su fito a jere a duk tsawon layin. Idan babu ko ɗigo, gam ko matsi ya yi kaɗan. Idan sandar mamatsin ta fara lanƙwasa, an wuce iyakarsa.

Na shida, a auna. A firam ko akwati, a ja tef daga wannan kusurwa zuwa ta kishiyarta, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu ya zo ɗaya, aikin ya tsaya daidai. Idan ya saɓa, a sassauta a gyara nan take, tun gam yana ɗanye.

Na ƙarshe shi ne jira. Kamfanonin gam kan ba da shawarar a bar aiki a matse na minti 30 zuwa awa ɗaya, kada kuma a ɗora masa nauyi sai bayan awa 24. Rarar gam an fi kankare ta idan ta fara ƙarfi kamar danƙo, domin wadda aka shafe ta shige cikin katako kan hana fenti ko banish kamawa.

Akwai abubuwan da ba a yi da shi. Ba a ɗaga kaya da shi, ba a zura bututu a mariƙinsa don ƙara ƙarfi, ba a kuma kai mai roba kusa da walda. Wanda aka yi da roba, idan ya daɗe a rana yakan bushe ya fashe.

Saye, tsada da dabarun gida

Mai saye zai iya gwada mamatsi a gaban mai shago. A ɗaure shi a kan guntun katako: idan bakin ya zame baya, ko sandar ta lanƙwasa da ɗan matsi, ko zaren yana cijewa, a ajiye shi. Bibbiyu ake saye, domin ɗaya shi kaɗai kan karkatar da aiki, kuma firam mai kusurwa huɗu ya fi son huɗu. Mai farawa zai fi cin moriyar matsakaita huɗu masu inganci a kan goma na araha, tunda araha ba ta ado.

Galibin waɗanda ke shaguna daga waje ake shigo da su, don haka farashinsu na bin dala. Kafin sakin naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya a hukumance tana kusan naira 460; a farkon 2024 ta haura naira 1,500. Ɗan koyo da ke tara kuɗin zarto da guduma ba zai sa mamatsi a sahun gaba ba.

Sai dai matsi ba lallai sai da kayan kanti ba. Tsohon tif ɗin taya da aka yanka siri-siri yana naɗe ƙafar kujera ya matse ta sosai. Igiya da aka zagaya sau biyu aka murɗe da ɗan sanda tana haɗa ƙafafun tebur. Katakai biyu da aka kafe a kan teburin aiki, tare da guntaye masu siffar bakin gatari da ake bugawa a tsakani, suna matse allo. Mai walda kuma, da guntun ƙarfe da doguwar sanda mai zare da noti, zai iya ƙera mamatsin da zai yi shekaru. Kasuwa irin Panteka ta Kaduna, inda ake ƙera abubuwan da suka fi wannan wuya, ba za ta rasa masu iya wannan ba. Abin da ke jawo ƙira shi ne masu nema.

Inda siyasa ta shigo

Idan maganin sananne ne, me ya sa ƙusa ta mamaye aiki? Babban dalili shi ne lokaci. Ƙusa minti ɗaya take ci, gam kuwa yini guda. A ɗauka an bai wa kafinta bencina 500 ya gama cikin mako uku, a farashin da ya riga ya ratsa hannaye biyu ko uku kafin ya iso gare shi. Fafe ramuka, jiran katako ya bushe, da ajiye kowane benci a matse, duk kuɗi ne da kwanakin da ba a biya shi ba. Zai buga ƙusa, ya shafa fenti, a ɗauki hoton miƙa kaya. Sauri ya haifi nawa, domin ba da jimawa ba za a sake neman kuɗin wasu.

Gaskiya ne ba mahaɗa kaɗai ke kashe benci ba. Akwai cunkoson ɗalibai, da rufin da ke yoyo, da gara, da rashin wanda zai gyara ƙaramar ɓarna kafin ta girma. Benci ma manyan mamatsai yake buƙata. Amma ƙa'idar ɗaya ce, kuma a kan ƙaramin mamatsi ake koyonta.

Kuɗin waɗannan kujeru na jama'a ne. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilimin matakin farko, wanda hukumar UBEC ke rabawa, jihohi kuma su kawo nasu kason kafin su karɓa. Gina azuzuwa da sayen kujeru na cikin abin da ake yi da kuɗin, ta hannun hukumomin SUBEB na jihohi. Duk bencin da ya zube kafin lokacinsa, an biya kuɗinsa sau biyu ke nan.

Ɓangaren koyarwa ma yana da nasa tarihin. Tsarin karatu na 6-3-3-4 da aka fara aiwatarwa a 1982 ya zo da darasin fasaha a ƙananan sakandare, aka shigo da injinan aikin katako da na ƙarfe daga waje, waɗanda da yawansu suka lalace a cikin akwatunansu saboda rashin wuta, ɗakunan aiki da malamai. Hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha tana Kaduna tun 1977, hukumar samar da aikin yi ta NDE ta soma aiki a ƙarshen shekarun 1980, a 2025 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da sabon shirin koyar da sana'o'i da alƙawarin alawus da kayan fara aiki. Darasin 1982 shi ne babbar na'ura na iya zama a kulle, alhali ƙaramin kayan hannu ba ya jiran wutar lantarki. Kunshin kayan kafinta da ke da guduma da zarto amma babu mamatsi, ya riga ya zaɓa wa matashi irin aikin da zai yi.

Kasuwa kuwa ba ta jira. Daga 2015 zuwa Oktoban 2023, Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da kayan ɗaki da filawud samun dala a kasuwar hukuma. An ɗage wannan takunkumi. Kafintan Kano ko Kaduna na gogayya ne da kayan waje a idon mai saye, kuma abin da zai riƙe masa kwastoma shi ne gadon da bai yi ƙara ba bayan hunturu biyu.

Tambayoyin da ɗan ƙasa zai iya yi

Ba sai mutum ya zama kafinta ba kafin ya bibiyi kwangilar kujeru. Takardar kwangilar ta ambaci nau'in katako da matakin bushewarsa? Ta faɗi irin mahaɗar da za a yi, ko adadi da launin fenti kawai ta lissafa? An riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har zuwa wani wa'adi, domin ya gyara abin da ya lalace? Wa ya duba kayan ya sa hannu? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar irin waɗannan takardu, kuma a watan Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa dokar ta shafi jihohi ma.

Akwai kuma gwajin da kwamitin makaranta ko ƙungiyar iyaye za su iya yi ranar da aka sauke kaya. A kifa benci ɗaya a duba ƙarƙashinsa. Idan kawunan ƙusa ne kaɗai ke riƙe da ƙafafu, an san abin da aka saya. Idan sanda ta shige cikin ƙafa, layin haɗin ya rufe ruf ba giɓi, to an matse shi, an kuma jira shi. A dafa shi a girgiza gefe da gefe. Wanda ya yi rawa yana sabo, a rubuta lambarsa a mayar wa mai shi kafin a sa hannu a takardar karɓa.